Randa a Gefen Tukunyar Toka

Da sunan Allah nake buɗe bakina, da salati ga Annabin rahama, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, wanda ya tara mu a ƙofar gidansa, Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a. Allah gafarta Malam Liman, Malam Abdulwahid, Allah ya amfanar da mu da karatunka. Baba Hamman wanzami, mai aska da ƙaho, wanda babu gidan da bai shiga ba a unguwar nan, ranar suna ko ranar ciwo, sannu da zama. Ya Mairam, uwar masu sabulu, wadda ta riƙe muciya tun kafin a haifi uwata, a durƙushe nake gaishe ki. Iyayena mata masu tace toka, iyayena maza masunta da manoman fadama da kuka bar koma da lauje kuka zo, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Inna, uwar maigidana, wadda ba ta dubi inda nake ba yau kwana biyar, ina gaishe ki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Yaya Asabe, da ke zaune kusa da ita, sannu da jiki. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Mai Unguwa da ya yarda a ji ta bakina. Ba a saba yarinya kamata, wadda ba ta cika shekara biyu a ɗakinta ba, ta yi magana inda manya suke, shi ya sa aka kafa mini wannan zana, kuma na gode da ita. Ina godiya ga maigidana da ya ba ni izini. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, ya ce in faɗi abin da idona ya gani, kada in zuba masa gishiri irin na takarduna. Zan ƙoƙarta. Na taho da magana biyar a kan yatsuna biyar, tun da na zauna nan biyu sun gudu, in sun dawo a tsakiyar wata ku yi mini afuwa.

Ga waɗanda suka ƙetaro kogi ba su san ni ba, sunana Safara'u. Daga Birniwa aka kawo ni Haɗeja. 'Yar malami ce ni, kuma ban da tukwane da tabarmi, na zo da gafaka ɗaya cike da takardun hikaya waɗanda mahaifina ya kwafa daga wani baƙo mutumin Barno. Abin da ya tara mu kuwa shi ne wannan. Kwana goma sha biyu da suka wuce, ranar Talata, a wurin dafa sabulu na bakin kogi, ruwan toka ya tafasa ya fantsama a fuskar Yaya Asabe, yayar maigidana, uwar marayu biyu da take ciyarwa da sabulun nan. Aka shafa mata man shanu, aka ɗaure idanun kwana bakwai. Da aka kwance, ɗaya yana gani, ɗaya ya yi fari fat. Inna ta ce ni na kashe shi, domin na bar ruwan kogi ya shiga cikinsa, ta kuma roƙi a mayar da ni gidan ubana. Yau za a yanke ko in zauna ko in tafi.

Magana ta farko, laifina ne, kuma ina so in faɗe shi da kaina kafin wani ya faɗa mini.

Iyayena maza da ba su taɓa tsayawa a wurin ba, ga yadda aikin yake. Bayan kaka muna tara karan dawa mu ƙone. Tokar mu zuba a tukunya mai huji a gindi, mu shimfiɗa mata ciyawa, mu zuba ruwa a sama ya riƙa tsiyayowa ɗis, ɗis. Wannan ruwan shi muke ɗorawa a wuta ya yi ta ƙonewa har ya yi ƙarfi, a tsoma gashin kaza, in ya narke to ya isa a haɗa shi da mai. Aikina a ranar ɗaya ne tak, in zauna a bakin murhu, in na ga kumfa ta taso in janye itace. Ko yaron goye aka zaunar zai iya.

To, akwai takarda a cikin zanena. Labarin wata 'yar attajiri ce da ta shiga jirgi a tekun gishiri tana neman ɗan'uwanta da iska ta tafi da shi. Takardar ƙarshe gara ta cinye ta tun muna Birniwa, saboda haka ban taɓa sanin ko jirgin ya isa ba. Kullum na kai wurin sai in zauna in yi ta ƙaga masa ƙarshe, yau ya isa, gobe ya nutse, jibi a tarar ɗan'uwan ya zama sarki a wani tsibiri. Yaya Asabe tana can tana kwasar toka ta hango ni, ta ce, “Malama, in jirgin ya iso ki gaya mana, mu ma mu yi guɗa.” Na ce, “Saura kaɗan, Yaya.” Ta ce, “Tun bara yake saura kaɗan. Ko kunkuru ke jansa?” Muka yi dariya. Na mayar da kaina ƙasa.

Ban ga kumfar ba. Ita ta gani. Ta taho a guje ta sunkuya za ta janye itacen da ni ya kamata in janye, tukunyar ta yi wani irin tari, ta tofo mata a fuska da ka. Wannan ba kogi ya yi shi ba, ba man shanu ba ne, ba kowa ba ne, ni ce. In a kan wannan za a kore ni, ba ni da ta cewa, zan tashi in naɗe tabarmata. Amma ba a kan wannan aka kawo ƙarata ba. An ce ruwa ne, kuma a nan ne kaina ya kulle.

Magana ta biyu, dokar man shanu.

Ranar da na fara zuwa wurin, Ya Mairam ta zaunar da ni a gabanta. Ta ɗebi busasshiyar toka ta zuba mini a tafin hannu, ta ce, “Ta cije ki?” Na ce a'a. Ta ɗiga ruwa kaɗan ta murza, muka jira, ta ce, “Yanzu fa?” Na ce ina jin raɗaɗi. Ta ce, “To kin gani, 'yar malam. Toka barci take yi, ruwa ke tashe ta. Duk ranar da ta taɓa ki, kada ki kai ruwa wurin. Man shanu, ki ɗaure.” Haka uwarta ta gaya mata, haka kakarta ta gaya wa uwarta. Ban zo nan in ce iyayenmu wawaye ne ba, Allah ya tsare bakina. Da hannuna na ji, da fatata na shaida. Na yarda da maganar nan ranar, na yarda da ita ranar Talata, kuma ko yanzu da nake zaune in aka ce in karya ta da hujja irin ta malamai, ban san ta inda zan kama ba. Ku riƙe wannan, domin zan dawo kansa, in ban manta ba.

Magana ta uku, abin da ya faru a bakin ruwa.

Mu huɗu ne a wurin ran nan, domin sauran sun tafi yankan shinkafa. Da Yaya Asabe ta yi ƙara, 'Yar'azumi abokiyar aikinmu ta ruga cikin gari neman man shanu. Ta huɗunmu ta ruga kiran Inna. Kowa ya gudu neman taimako, taimakon da ya rage a wurin ni ce, ni da ban san komai ba sai jirgi. Na kama kan Yaya Asabe da hannu biyu, ɗankwalinta ya jiƙe sharkaf da ruwan toka, na ji tafukana sun yi santsi, sun fara zafi. Ta fizge. Ba ta gani, gudu kawai take yi, kuma kun san gangaren wurin. Ta zame a laka ta faɗi a gefen kogi, ta kwanta a kan haƙarƙari ɗaya, rabin fuskarta a cikin ruwa.

Na yi ƙoƙarin ɗaga ta. Kun ga Yaya Asabe, kun kuma ji muryata, sai ku kwatanta jikin mai ita. Na ja, muka zame tare. Na sake ja, ta doke ni, tana cewa, “Bar ni a nan. Bar ni a nan, Safara'u.” Ran nan ne kaɗai ta taɓa kirana da sunana. Sai na durƙusa a cikin lakar, na cusa hannu ɗaya ƙarƙashin kanta don kada hancinta ya nutse, na ɗora ɗayan a bisa kanta ina lallashi. Ruwa yana wucewa ta kan ido ɗaya, tana ƙiftawa a cikinsa, tana ƙiftawa. Ɗayan yana sama, a bushe.

Mun daɗe a haka. 'Yar'azumi ta je gida ta tarar man ya ƙare, ta wuce kasuwa ta tarar matan Fulani ba su iso ba, ta tsaya a ƙofar gari har ta hango ƙoransu. Ni dai na san da an ɗora shinkafa lokacin da muka faɗi, da ta nuna har ta huce kafin su dawo. Ƙafafuna suka mutu. Wani masunci ya wuce can tsakiyar kogi a kan gorarsa, na kira shi, ya ɗaga mini hannu yana tsammanin gaisuwa ce. Da suka iso, Inna ta ga fuskar 'yarta a cikin ruwa, sai ta ɗora hannu a ka ta ce, “Kin kashe ta. Ruwa kika ba tokar.” Aka ciro ta, aka shafa mai a idanun biyu, aka ɗaure.

Magana ta huɗu, ko ta uku ce har yanzu? A'a, ta huɗu. Dama da hagu.

Ranar da Baba Hamman ya kwance ɗaurin, aka ga ɗaya ya rayu ɗaya ya mutu, tambaya ta zama ɗaya: wane ne ya sha ruwan? Inna ta juyo ta tambaye ni. Na ce na dama. Ta ce, “Damarki ko damarta?” Jama'a, wallahi sai na ji ƙasa ta juya. In ina fuskantar mutum, damata hagunsa ce. To fuskantarta nake yi, ko a bayanta na durƙusa? Na ce na hagu. Sannan na tuna kamar ina hango ganuwar gari a gabana, na ce a'a, na dama. 'Yar'azumi ta ce ita ta ga kan Yaya yana kallon gabas. Wadda ta kira Inna ta ce yamma, har ta rantse. Aka tambayi mai idon, ta ce, “Ni wuta kawai na sani.” Baba Hamman ya girgiza kai ya ce mini, “'Yar nan, in da ke ce mai nuna alƙibla, da garin nan kowa da inda zai duba.” An yi dariya, ni ma na yi, sannan na shiga ɗaki na yi kuka.

Ban ga laifin Inna ba. Wa zai yarda da shaidar yarinyar da ta sauya magana sau uku a zama ɗaya, yarinyar da aka aika sayen daddawa ta dawo da labarin mai daddawar, yarinyar da ta taɓa zuba wa tuwo gishiri sau biyu ta bar miya lami? Ni kaina na daina yarda da kaina. Kwana biyar ina kwantar da tulu a tsakar ɗaki ina durƙusawa a gefensa, in zagaya nan, in zagaya can, ina cewa nan ne kogi, nan ne gari. Maigidana ya shigo ya tarar da ni rungume da tulu, ya tsaya ya dube ni, ya fita. Ina jin ran nan ya fara tunanin ko Inna tana da gaskiya.

Har na fara tambayar kaina ko ma an yi faɗuwar a kogi, ko cikin takarda na karanta ta. Abin da ya hana ni haukacewa shi ne zanena, da har yau lakar ba ta gama fita ba.

Magana ta biyar, ita ce ban zo da ita daga ko'ina ba, yau da safe ta same ni.

Ranar Talatar nan hannuna ɗaya ya ƙone. Inna ce da kanta ta shafa masa mai ta ɗaure mini, tana kuka, kafin fushi ya zo. Tun ran nan shafa nake yi a kan ɗaurin in zan yi alwala, kamar yadda Malam ya yi fatawa. Kwana goma sha biyu ina kallon hannu ɗaya a ɗaure, ɗaya a sake yana daka yana shara, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Yau na kwance ƙyallen. Na jera su biyu a kan cinyata. Sai na ce, to, ai da hannu biyu na kama ɗankwalin. Biyun suka yi santsi, biyun suka yi zafi. Me ya sa ɗaya ya sale har nama, ɗaya ko tabo babu?

Ranka ya daɗe, ka yi mini izini in miƙo su ta gefen zanar nan. Ga su. Baba Hamman, kai ne ka san fata, matso ka duba. Wannan lafiyayyen shi ne ya zauna ƙarƙashin kan Yaya Asabe, a cikin ruwa. Na san haka ba don na tuna dama ko hagu ba, sai don har yau akwai inda tsakuwar kogi ta yanke ni a bayan yatsu, ga shi. Wannan da ya sale shi ne na sama, wanda ruwa bai taɓa ba, wanda ya sha man shanu kwana goma sha biyu.

Da na ga haka na ɗauki kunu na kai wa Yaya Asabe, Inna tana bayan gida. Na tarar Yaya ta cire ɗankwali tana shan iska. A gefen kanta, bisa kunne, inda gashi ya zube, akwai shati huɗu a jere, dogaye, da wani guntu a ƙasa. Na ajiye ƙwaryar. Na ɗora wannan hannun a kai, kowane yatsa ya zauna a gidansa. A gefen farin idon suke. Ba ta juyo ba, ta ce, “Ɗauke hannunki, Malama. Na san shi.” Ban tambaye ta tun yaushe ta san shi ba, kuma ina roƙo kada kowa ya tambaye ta a gaban uwarta. Tana nan zaune. In ta yarda, mata su duba.

Saboda haka idon da kogi ya wanke shi ne yake gani. Wanda ya mutu shi ne wanda ya zauna a bushe.

Kada ku ce na zo wanke kaina ne, domin abin da zan faɗa yanzu ya fi na farko nauyi. Duk tsawon lokacin nan da muke cikin laka, kun san abin da nake yi da hannun sama? Tare ruwa nake yi. In igiyar ruwa ta taso, sai in kare idon da tafina. Ina danna mata jiƙaƙƙen ɗankwalin a fata ina cewa sannu, Yaya, sannu. A raina ina cewa, wancan na ƙasa ya riga ya tafi, ruwa ya tashi tokarsa, bari in tsirar mata da ko ɗaya. Sau biyu ta yi ƙoƙarin juya fuskarta ta tsoma ɗayan gefen, sau biyu na riƙe ta da duk ƙarfina. Kogi guda yana gudana a gwiwata, ni kuma ina gadin idonta kada ɗigo ya shiga. Da na sake ta, da na bar ta ta juya sau ɗaya, Allah ne masani, amma ina jin da yau da ido biyu take hararata.

Inna, kin ce ni na kashe idon. Gaskiyarki. Sai dai ba da ruwa na kashe shi ba, da biyayya na kashe shi.

To yaya za a yi maganar Ya Mairam ta zama gaskiya, hannuwana kuma su zama gaskiya? Tun safe nake juya wannan. Abu ɗaya kawai na samo, kuma daga bakinta na samo shi. Ya Mairam, kin tuna ranar da na cika wa tukunyar tace toka ruwa, abin da ya tsiyayo ya fito salam, muka tsoma gashin kaza ya fito yana sheƙi kamar an yi masa wanka? Kika ce, “Kin kashe tokar, 'yar malam. Wannan ko jariri ya sha.” Ke nan ruwa ke tashe ta, ruwa kuma ke kashe ta. Kaɗan ya tashe ta, mai yawa ya tafi da ita. Wanda ya fantsamo daga tukunya kuwa ai ba barci yake yi ba, a tashe yake, a fusace. In aka shafa mai aka ɗaure, ban sani ba ko ɗaki muke rufe masa da idon a ciki. Toka da mai, iyayena, ku kuka koya mini abin da suke zama in sun haɗu. Ban ce na gane ba. Na ce ga abin da ya tsaya mini a wuya.

Kada a ɗauki maganata, ni da ban san damata ba. A gwada. Ranar Asabar za a sake ɗora tukunya. A samo gashin kaza biyu a tsoma su tare, ɗaya a shafa masa man shanu a naɗe a ƙyalle, ɗaya a riƙe shi a cikin kogi gwargwadon dahuwar shinkafa. Ya Mairam ta riƙe da hannunta, Baba Hamman ya tsaya shaida. Abin da gashin ya faɗa, shi ke nan.

Kafin Asabar ɗin kuwa, da bayanta, ga roƙona, ina roƙo da girman Allah, ina roƙo da girman furfurarku.

Ina roƙo a ajiye ruwa a gefen kowace tukunya, ruwa mai yawa, ba ƙoƙo ba, ba ludayi ba, domin ba kowa zai yi sa'ar faɗawa kogi ba. In toka ta taɓa mutum, a fara da ruwa nan take, kafin salati ya ƙare a bakin masu salati. A buɗe idon da yatsu ko mai shi yana zagi, a yi ta kwarara, a yi ta kwarara, har santsin ya tafi, in ya tafi a ƙara, har hannun mai zubawa ya gaji wani ya karɓa. In biyu ne, a wanke biyun. Ina roƙo a cire duk abin da ya jiƙe, ɗankwali ne ko zane, a rufe mace da wani zanen, domin kunyar rabin yini ta fi shatin yatsu huɗu sauƙi. Kada a murza. Kada kowa ya gudu gaba ɗaya, mutum biyu su tsaya, ɗaya ya tafi kiran wanzami. Man shanu kuwa, ko yana da amfani daga baya, bayan an wanke, wannan ban sani ba, na bar wa Baba Hamman. Akwai wani roƙon kuma, na san akwai, yana kan ɗan yatsan nan. To, ya dawo. Kada a sake zaunar da mai takarda a bakin murhu.

Gafakar tana hannun Malam Liman tun jiya, ya yi da ita yadda ya ga dama. Takardar da nake karantawa ran nan ta faɗa wuta, ban ma lura ba sai washegari. Yanzu jirgin nan ba shi da ƙarshe, ba shi da tsakiya, kuma na yi mamaki da na ga ban yi kukansa ba.

Saura hukunci. Ranka ya daɗe, ban san abin da ya dace a yi da ni ba. Da safe na ga ya kamata in tafi, da hantsi na ga ya kamata in zauna in yi wa Yaya Asabe aikin ido ɗaya har ƙarshen raina, in tace mata toka, in kai mata sabulu kasuwa, in ta yarda in tsaya ta gefen da ba ta gani. Yanzu da azahar ta gabato ban san ko ɗaya ba. Ina son ɗakina, ina son mutanen gidan nan, har da wadda ba ta dubana. Amma ba ni na rasa ido ba, saboda haka ba ni zan zaɓa ba.

Abu ɗaya na yi ba da izinin kowa ba, gara in faɗa kafin a gani. Babbar randar da aka kawo ni da ita daga Birniwa, wadda uwata ta ce kada in bari ko kaza ta hau, yau da safe na mirgina ta har bakin kogi. Tana nan tsakanin murhun Ya Mairam da na 'Yar'azumi. Tulu tara ta sha kafin ta cika, da hannu ɗaya na ɗebo, na rufe ta da faifai, na ɗora ƙwarya a kai. In an yanke in tafi, a ɗaure kayana ban da ita. In ta ragu, wanda ya wuce ya ƙara mata.

Allah ya ba Yaya Asabe lafiya, ya tsare mata idon da ya rage, ya raya mata marayunta. Allah ya sanyaya zuciyar Inna. Allah ya kare hannuwan masu sana'a da idanunsu, na bakin murhu da na bakin marina da na majema. Allah ya yi wa Mai Unguwa jagora a abin da zai yanke, ya ba mu ikon karɓa. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka koya mana abin da suka sani, ya yafe mana abin da muka yi da kyakkyawar niyya ya zama cuta. Allah ya zaunar da garin nan lafiya, ya sa kogi ya cika a kan kari ya janye a kan kari, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Baba Hamman, in ka gama dubawa, zan mayar da hannuwana.

Na gode.